Rahibi a Cikin Kwalaye

Tun da gwiwa ta hana ni shiga gonar rake, ba ni da aikin da ya wuce in hau jakata in tafi kufan gidan ruhubanawa, Kiristoci masu barin duniya don ibada, da ke bayan ƙauyenmu, inda kore ya ƙare yashi ya fara. Can nake zama a kan guntun bango ina kallon ikon Allah. Na taɓa ganin ƙadangare mai wutsiya biyu a wurin. Na taɓa tsintar katangar tulu da sawun yatsan magininsa a jiki, na sa nawa yatsan a ciki, na ji kamar mun gaisa. Amma duk abin mamakin da na gani a kufan nan bai kai ɗaliban da aka kawo bara da sanyi ba.

Daga Turai suka zo, wai makarantar koyon tono ce. Ƙarti da 'yan mata, kowa da malafa da gorar ruwa kamar yaye, hanci shafe da farin mai. Ni ban yi nisa a firamare ba aka cire ni, amma ban taɓa jin inda ake koya wa mai gemu kwasar ƙasa ba. Kuma da me? Da cokali da burushin goge haƙori. Abin da manomi zai kwashe da fartanya kafin shayinsa ya huce, su sai su wuni a kansa a durƙushe, suna ja masa zare ta kowane gefe, suna ɗaukarsa hoto. Shugabarsu wata doguwar mace ce mai furfura, Dokta Renata. Hukuma ta haɗa su da Ustaz Adli, ɗan birni mai takalmi mai sheƙi, shi ke sa musu ido, shi ke yi musu tafinta.

Ana cikin haka suka tono ƙwarangwal ɗin wani rahibi, ɗaya daga cikin ruhubanawan nan, a ƙarƙashin daɓen tsohon cocin gidan. Yana kwance a miƙe, hannuwa harɗe a ƙirji, da ragowar ɗamarar fata a ƙugu. Haƙoransa sun fi nawa yawa. Na daɗe ina kallonsa, ina tunanin ko da wane mafarki ƙasa ta rufe shi, ko ya gama shi, ko har yanzu yana ciki.

Labari ya riga ni isa ƙauye. Na tarar da maƙwabciyata Ummu Milad tana jirana a ƙofar gida.

"Bakhum, da gaske cikakke ne? Kai da ƙafa?"

"Har da haƙora."

"To Mufida za ta tsallake shi."

Mufida matar ɗanta ce. Aure ya yi shekaru, ko ɓari babu. Mu Kibɗawa, Kiristocin Masar, ba ma saki, saboda haka tsohuwar ta mayar da bakinta bulala, safe da yamma. An kai yarinyar wurin likita a Asyut, an shafa mata man fitilar coci. Abin da ya rage shi ne na kakanni. Macen da mahaifarta ta ɗaure za ta fito da sassafe ba ta ce wa kowa uffan ba, ta je ta tsallake mamacin da ya daɗe a ƙasa, ta koma gida ta wata hanya dabam, sannan ta buɗe baki. In kalma ɗaya ta kuɓuce mata a tsakani, aiki ya lalace, kuma ba a maimaita shi. Limamin cocinmu yana tsine wa al'adar duk Lahadi, amma ka tambayi matarsa yadda ta samu ɗan farinta.

Washegari suka iso kufan, tsohuwa a gaba, Mufida a baya cikin baƙin mayafi, leɓenta a damƙe. Igiyar da aka kewaye wurin da ita ta tsayar da su kusa da rumfar ɗalibai. Ramin rahibi yana can bayan bangon coci, ba a hango shi daga nan.

Da Ustaz Adli ya ji abin da ke tafe da su, sai ya waiga kamar an kama shi da sata.

"Haba Inna, a gaban baƙi? So kike su ce mu jahilai ne?"

"Kai za ka haifa min jikan? Faɗa wa doguwar nan abin da na ce, ɗan nan, kada ka rage."

Ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Da Dokta Renata ta ce a'a, da abin ya zo da sauƙi. Da sai Ummu Milad ta zube ta yi ta kururuwa, kowa ya yi kanta, yarinya ta zagaya ta yi tsallenta. Amma matar nan sai idonta ya kawo haske. Ta ce wannan babban darasi ne, dole ɗalibai su tattauna. Ta tafa hannu, suka ajiye cokula suka zauna a rumfa suka yi da'ira.

Na matsa kusa da Ustaz Adli. "Me mai jan gemun can yake cewa?"

"Ya ce ba a nemi izinin mamacin ba."

"To a je a tambaye shi mana, ai yana gida."

"Kawu, don Allah." Ya share gumi. "Waccan ta ce wataƙila tilasta wa matar ake yi. Wancan kuma yana so a bar shi ya yi rubutun jarrabawarsa a kanta."

Rana ta ɗaga. Mufida tana tsaye inda aka bar ta, ƙuda na yawo a fuskarta. Wata ɗaliba ta kawo mata ruwa tana murmushi, tana tambayar sunanta da guntun Larabcin da ta haddace. Mufida ta kau da kai. Ɗalibar ta koma rumfa da gudu, ta ba da shaida cewa matar a tsorace take.

Sai suka aiko da hukunci: za su yarda, amma sai sun ji daga bakin Mufida cewa ita ke so.

"Ba ta magana!" in ji Ummu Milad.

"Bebiya ce?" in ji Ustaz Adli.

"Kanka ne bebe, mai takalmin ango! In ta yi magana me ya rage?"

Ustaz Adli ya sake yi musu bayani. Mufida ta gyaɗa kai, ta sake gyaɗawa har mayafinta ya zame. Suka ce gyaɗa kai a gaban suruka ba yarda ba ce. Suka koma rumfa, suka ci gurasa da cuku, suka ɗora daga inda suka tsaya.

Wajen tsakar rana aka ɗaga hannuwa, masu yarda suka rinjaya. Har tafi suka yi wa kansu. Aka ɗage igiya, aka sa Mufida a tsakiya kamar amarya, muka zagaya bangon.

Rami wayam.

Ashe akwai ɗalibai biyu masu kula da ƙasusuwa da ba su zo taron ba. Tun jiya aka ce musu yau za a kwashe rahibi kada rana ta ɓata shi, su kuwa sun toshe kunne da wayar kiɗa, ba wanda ya tuna da su. Ga su zaune suna washe baki, aiki ya yi kyau. Kai yana kwali ɗaya a naɗe da takarda, haƙarƙari a wani, yatsu a 'yan jakunkuna kamar an auno gyaɗa.

Fuskar Dokta Renata ta yi jawur, ta yi ta ba da haƙuri. Mai jan gemu ya kawo dabara: a jera kwalayen a ƙasa, matar ta tsallake. Suka jera su, har da gardamar wanne ke bin wanne.

"Tsallaka, 'yar nan," in ji Ummu Milad. "Waliyyi waliyyi ne ko a kwali. Tsallaka mu tafi."

Mufida ta tattare bakin rigarta. Ta ɗaga ƙafa. Kwalin da ke gabanta na biskit ne, da hoton wani yaro mai kumatu yana dariya a jiki. Ta daɗe a haka, ƙafa ɗaya a sama, sannan ta mayar da ita inda ta ɗauko.

"Inna, wannan ba mutum ba ne," ta ce, murya a dushe. "Kaya ne."

Ummu Milad ta ɗora hannu biyu a ka ta kurma ihu. Ɗalibai suka yi caa a kan Ustaz Adli, me ta ce, me ta ce? Da ya faɗa musu ta ƙi, sai fuskokinsu suka washe. Mai kawo ruwan nan har da hawaye, wai matar ta samu 'yancin bakinta. Dokta ta ce wannan ne darasi mafi kyau da suka yi a bana.

Mufida ba ta tsaya neman wata hanya dabam ba. Ta bi wadda ta zo da ita, surukarta na biye da ita, kuma har suka kai gadar magudanar ruwa ina jiyo abin da take kiranta.