Tawadar da Ba Ta Son Zama

Safiyo ya yi aikin awon filaye har kansa ya yi furfura, kuma ko da ya ajiye aikin ofis, sunan bai bar shi ba, aikin ma bai bar shi ba. Magina da masu sayen fili suna biyo shi har gida, ya zana musu taswira a kwamfuta, sannan ya shiga mota zuwa kasuwa a buga masa a takarda. Auta ce ta ce wahalar nan ta isa haka. Ita ce ƙarshen 'ya'yansa, ma'aikaciyar jinya, kuma ta sami aiki a wani asibiti mai nisa, irin nisan da sai an hau jirgi. Ana gab da tafiyarta ta kwashe kayanta daga ɗakinta, ta jawo teburinsa ta kafa a gindin taga, ta ce daga yau nan ne ofis. Abin da ya rage firinta ce, sai ta tasa shi gaba zuwa shagon kayan kwamfuta.

Mai shagon mutum ne mai tumbi da son zance. Da ya ji irin aikin, sai ya dafa wata ƙatuwar firinta mai ruwan toka.

"Yallaɓai, tunda aikinka baƙin layi ne, ga taka. Wannan hoda take ci, ba tawada ba. Ko shekara ka rufe ta ka yi tafiya, ka dawo ka kunna, za ta tashi kamar jiya ka bar ta. Ba ruwanta da kowa."

"Waccan fa?" Safiyo ya nuna wata ƙarama, mai 'yan tankuna a gefe.

"Waccan mai tawada ce. Ga baƙi, ga shuɗi, ga ja, ga rawaya. Idan ta fitar da hoton mutum sai ka ga kamar ka kira shi ya amsa. Amma tana da hali, ba ta son zama. Kafofin da tawada ke fita ta ciki sun fi gashin kai siranta. Idan aka daɗe ba a buga mai kala ba, sai ta bushe a ciki ta toshe su. Duk mako sai ka ba ta abu mai kala."

"Duk mako?"

"Duk mako, Yallaɓai."

"To an gama magana," in ji Auta. "Ɗauko mana mai hoda."

"Waccan za a ɗauko," in ji Safiyo.

"Baba, me za ka yi da kala?"

"Iyakar fili da ja ake zana ta."

"Tun ina rarrafe nake ganin taswirarka, ban taɓa ganin ja a ciki ba."

"To za ki gani."

Ta buɗe baki za ta ce ai ba ta nan balle ta gani, sai ta fasa. Mai shago ya sa firintar a kwali, ya nuna musu yadda ake zuba tawada, da inda ake dannawa ta wanke kanta idan ta fara rowa.

Shi Safiyo bai iya waya ba. Ba wai dannawar ba, maganar. Duk ɗan da ya kira shi jimla uku yake samu: lafiya, madalla, ga ummanku. Haka ya yi wa manyan har suka saba, suna kiran Umma kai tsaye su ce a gaida Baba. Ya san Auta ma haka za ta koma, kuma ya san ba laifinta ba ne.

Asabar ta farko bayan tafiyarta ya zauna a sabon ofis, ya gyara murya, ya aika mata saƙon murya.

"Injin nan yana neman kala. Ki turo hoton komai, kada ya bushe."

Ta turo hoton tagar ɗakinta, ana hango rufin wani dogon gini da sararin sama mai duhun hadari. Firinta ta ja takarda, ta yi ta kai da komo da 'yar ƙararta, hoton yana fitowa sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa. Ya riƙe shi ta gefe har ya sha iska, sannan ya manna shi a bango, daidai inda madubinta yake a da.

Mako ya zagayo ta turo tashar da take jiran mota. Bayan nan fararen takalman aikinta a bakin ƙofa, sai wata mage da take kwana a matakalar gidansu. Kowane hoto yakan zo da 'yar magana, magen ta yi kaza, direban motar safe ya yi kaza, shi kuma ya amsa da tambaya. Ashe yana da tambayoyi, abin rataye su ne bai taɓa samu ba.

Wata rana Umma ta shigo da tsintsiya ta tarar da shi ya ɗora rula a kan hoton takalman.

"Malam, me kake aunawa kuma?"

"Tayil ɗin ƙasa. Ɗakin nan nata bai kai rabin wannan ba. Duba, daga ƙofa zuwa gado taku nawa ne." Ya nuna hoton taga. "Kuma ba ta samun ranar safe, ga inuwa nan. Ga kofi a kan tebur, guda ɗaya. Kujera ma ɗaya."

"Ikon Allah. Mutum ya zauna yana safiyon ɗakin 'yarsa daga nan. Ka tambaye ta mana ko tana jin kaɗaici."

"Ni injina nake kula da shi."

"Injinka," in ji Umma, ta ci gaba da shara tana dariya ƙasa-ƙasa.

Da watanni suka ja, aiki ya yi wa Auta yawa. Hoton Asabar ya koma zuwa ranar Litinin. Sannan ta fara turo furannin da ta tsinta a intanet, jajaye da rawaye, masu kyau, waɗanda ba ita ta ɗauka ba. Ya buga su, amma bai manna ba. Ya sa su a aljihun tebur.

Sai wata Asabar saƙon murya ya zo maimakon hoto. Tana magana tana tafiya, ana jin numfashinta.

"Baba, na samo maka sauƙi. Ashe akwai maɓalli a gefen dama, ka danna ka riƙe, za ta fitar da takardar gwaji mai dukkan kalolin. Shi ke nan ba sai ka jira ni ba. Yi haƙuri, ina sauri. A gaida Umma."

Ya saurara ya sake saurara. Ya nemo maɓallin, ya danna ya riƙe. Takarda ta fito da jerin layuka, baƙi da shuɗi da ja da rawaya, tsaf, ba gyara. Yarinyar ta yi gaskiya, ta kuma yi masa alheri. Ya ninke takardar ya goge ƙurar tebur da ita.

Bai sake danna maɓallin ba. Taswira ya ci gaba da bugawa, baƙin layi a farar takarda, magina suna zuwa suna karɓa. Ranar Asabar sai ya shiga ofis ya zauna ba aikin yi, wayarsa a kife, yana kallon bango: taga, tasha, takalma, mage. Daga falo yakan jiyo muryar Auta a wayar Umma, da dariyarsu, da "a gaida Baba" a ƙarshe. Umma takan leƙo ta miƙa masa wayar da ido, ya girgiza kai.

"Kana kewar yarinya, ka faɗa mata," ta ce masa wata rana. "Ba a kama mutum a kan haka."

"Tana da aiki."

"Kai ma kana da baki."

Damina ta shigo ta kusa fita, sannan wata safiya wayarsa ta yi ƙara. Hoto ne, ba tare da ya roƙa ba. Auta ce da kanta, karo na farko, cikin kayan aiki a farfajiyar asibiti, wata abokiyar aikinta ta ɗauke ta tana tsakiyar dariya. Ta ɗan rame. Haƙorin nan nata da ya ɗan hau kan ɗan'uwansa yana nan. A ƙasa ta rubuta: "Kwana biyu, Baba."

Ya ciro takarda mai sheƙi daga cikin waɗanda yake ta ajiya, ya sa, ya aika. Firinta ta yi kai da komonta kamar kullum. Bangon asibitin ya fito, sai hularta, sai goshi. Goshin kore ne. Fuskar duk ta fito kore-kore kamar ta maras lafiya, leɓɓan sun yi toka, ga fararen layuka sun ratsa ta daga kunne zuwa kunne.

Ya danna inda mai shago ya nuna, ta wanke kanta, ta yi ta gurnani tana zuƙar tawada. Ya sake bugawa. Layukan sun ragu, koren yana nan. Ya sake wankewa. Shuɗi ya dawo, rawaya ta dawo, ja ko ɗigo, alhali ga shi nan cike a tanki.

Umma ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗauki ɗaya daga cikin hotunan.

"Wa ya mayar min da 'ya ganye?"

"Ja ne ya bushe."

"Ai ga ta nan a wayarka, da kalarta."

"Waya tana mutuwa," in ji shi. "A bango nake son ta."

Wannan karon Umma ba ta tsokane shi ba. Ta ɗauko masa kwalin daga saman kabad.

A kan cinyarsa ya riƙe firintar har shago, yana hana direba shiga ramuka kada tawada ta zube. Mai shago ya buɗe murfi, ya haska fitilar waya, ya yi tsaki.

"Yallaɓai, fushi kuka yi da ita ne?"

"Aiki ne ya yi yawa."

"Ta sha zama kam. Zan cire kan da ke fesa tawadar in jiƙa shi ya kwana. Idan ya buɗe, ka ci sa'a. Idan bai buɗe ba sai sabo, shi kuma sai an aiko da shi daga nesa." Ya goge hannu a tsumma. "Ga mai hodar nan har yanzu tana nan. Ita da ba ka sha wannan ba."

"Bar ta nan inda take. Jiƙa wannan."

Da la'asar ya dawo gida. A kan tebur inda firintar take, an bar wani fili mai kusurwa huɗu da ƙura ba ta taɓa ba. Ya zauna a gabansa ya daɗe. Sannan ya juya wayar, ya nemo sunanta, ya kira da kansa.

"Baba? Lafiya? Umma fa?"

"Lafiya lau. Tana nan." Nan ne inda yakan miƙa waya. Ya ƙara matse ta a kunne. "Na ga hoton."

"Na yi kyau ko?"

"Kore kika fito. Ja ya bushe, injin yana wurin gyara."

"Haba Baba. Ba ka danna maɓallin nan ba?"

"Sau ɗaya na danna."

"To me ya hana ka ci gaba? Ba wuya fa."

Ya kalli bango. Magen tana nan a matakala, hoton ya fara nannaɗewa ta gefe.

"Layuka ne kawai suke fitowa," ya ce. "Ni kuwa duk rayuwata layi nake ja. Ina da su da yawa."

Ya jiyo ƙarar motoci ta can wajenta, da wata murya tana sanarwa cikin lasifika.

"Baba," ta ce a hankali, "iyakar fili da ja ake zana ta, ko?"

"Wani lokacin."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya ji ta ja hanci. "Ga motata nan ta iso. Kada ka ba Umma wayar, ni zan kira ka idan na sauka. Kai zan kira."

Bai ajiye wayar ba ta sake ƙara. Hoto ne daga cikin mota, ya ɗan girgiza: tagar da ruwan sama ya jiƙa, titi da jajayen fitilun motoci, da rabin fuskarta a jikin gilashin. Ya miƙa hannu wajen firinta kamar yadda ya saba, hannun ya sauka a kan tebur.

Ya ɗauko hoton nan mai koren fuska, wanda layukansa suka fi kaɗan, ya manna shi kusa da tagar, ya bar fili a gefensa daidai faɗin takarda ɗaya.

Washegari mai shago ya zo buɗe shago ya tarar da shi zaune a kan dakali, waya a hannu.

"Yallaɓai, ai ko dubawa ban yi ba tukuna."

"Buɗe ka duba," in ji Safiyo. "Ina jira."