Takardar da Ke Ƙasan Rumbu

Kwana tara wasiƙar nan ta yi a aljihun Malam Ashafa. Shi malamin Larabci ne a firamaren Tafashiya, Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Da hedimasta ya miƙa mashi ita sai ya ɗauka irin gayyatar taron nan ce da ake zuwa a sha lemo a watse, ya ninke ya cusa a aljihu.

Ranar Alhamis da hantsi ɗiyarsa Humaira, da ta zo ganin gida daga Kusada, ta ɗauko rigar za ta wanke, sai ga wasiƙa. Tana karantawa ta saki sabulu.

"Baba! Tantance malamai ake a Kankiya, yau za a rufe, ƙarfe sha biyu. Wanda bai je da takardar shaidarshi ta asali ba, cire sunanshi za a yi."

"Ke dai duba da kyau. Ba cewa suka yi in da hali ba?"

Ta ɗora yatsa kan wata 'yar kalma. "Ka ga wannan must ɗin? In Bature na roƙo, da wata kalma yake zuwa. Wannan ta tilas ce, Baba, babu in ka ga dama a cikinta."

Malam Ashafa ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Shekara ashirin da biyu yana aikin nan, da shi ya aurar da 'ya'ya uku. Takardar shaidar kuwa ya san inda take. Tun gobarar da ta cinye ɗakin maƙwabcinsa ya naɗe ta a leda, ya sa a gwangwani, ya ajiye a ƙasan rumbu, don rumbun laka wuta ba ta cin shi da sauƙi. To, makon jiya aka gama jera damin gero sittin a kanta, aka ɗora jinka.

Matarsa Rahamatu ta riƙe haɓa. "Malam, yanzu rumbun kaka za ka buɗe da rana tsaka? Gari duk su ƙirga abincinmu?"

"Su ƙirga! Kawo tsani."

Kai, ranar an ga aiki. Shi yana ciki yana miƙo dami, Humaira na karɓa a kan tsani, Rahamatu na jibgewa a tsakar gida tana korar kaji tana mita. Maƙwabta kuwa sai leƙe ta kan danga, wai sun zo yin sannu da aiki. Ƙaiƙayi ya shiga wuyansa, ya shiga ido, gumi ya kwaɓa shi. Bayan kowane dami sai ya ɗaga murya, "Ƙarfe nawa?" Har Humaira ta gaji ta daina faɗa mashi gaskiya.

Sha ɗaya da kwata hannunsa ya taɓa gwangwani. Ko wanka bai tsaya yi ba, ya zura riga ya tare ɗan acaɓa. Duk ramin da suka faɗa sai ya ce, "Ƙara wuta, ɗan nan," alhali shi ne mai yi wa 'yan acaɓa wa'azin gudu.

Sun isa ofishin tantancewar, sha biyu ta gota. Ƙofa a rufe, maigadi ya ce ba mai shiga. Malam Ashafa ya roƙe shi, ya haɗa shi da Allah, ya zagaya ginin yana susa, bai san abin da yake nema ba. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba.

Ta wata taga ya jiyo muryar mace. Jami'a ce zaune da rajista, tana karanto sunayen waɗanda ba su zo ba, wani a gefenta yana ja masu jan layi.

"Abdullatif Musa." Shiru. Aka ja layi.

"Ashafa Ummaru."

Ya kama ƙarfen tagar da hannu biyu. "Na'am, Malama! Ga ni!"

Duk ofishin aka juyo. Dattijo ne da furfura, ƙaiƙayi fal gemu, ido jawur, yana turo gwangwani ta tsakanin ƙarafa. Mai jan layin ya tsaya da biro a sama yana kallon jami'ar. Ita kuwa ta daɗe tana duban Malam Ashafa, sannan ta taso ta karɓi gwangwanin, ta hure ƙurar da ke kan murfin.

"Baba, zagayo ta ƙofa," ta ce. "A ba shi kujera, da ruwa."