Wa Ya San Ki a Nan?

Mai ɗinki ta ɗago kai daga kan keke, ta ga ƙofa a buɗe, babu 'yarta Auta. Ta sauko daga bene ko takalmi babu.

A ƙofar gida ta tarar da cincirindon mutane. Auta na kafaɗar mai shago, ta sha kuka har barci ya kwashe ta.

"'Yata ce," ta ce, tana miƙa hannu.

Mai shago ya ja da baya. "Baiwar Allah, wa ya san ki a nan?"

Mutane suka kalli juna. Tun da ta kama haya a gidan, kunya ta hana ta gaida kowa. Wani ya ce haka ɓarayin yara ke yi. Ta ga ya sunkuya ya ɗauki dutse.

Sai wata tsohuwa ta kutso. "Ke, daka wa yarinyar tsawa in ji."

"Auta! Zan saɓa miki!" Mai ɗinki ta daka tsawa.

Tsohuwar ta ja tsaki, ta dubi mai shago. "Ba ta 'yarta. Wannan muryar ce daga sama kullum ke hana ni barcin rana."