Shaidar Tahiru a kan Ajidan Yakuba

Saura wata huɗu mijina, Ajidan Yakuba, ya tuɓe kakin jandarma bayan shekara talatin, wani ɗan neman suna mai waya ya kusa raba mu da kuɗin retret, wato fansho.

Ranar kasuwar Takieta ce. Saniya ta fizgi igiya, kafaɗar wani makiyayi ta goce. Gidansu Ajidan kuwa maɗora ne tun kaka da kakanni. Ko hula bai tsaya cirewa ba, ya kwantar da mutumin a ƙasa, ya kafa masa takalmi a hammata, ya ja hannun iya ƙarfinsa. Mutumin ya kurma ihu, kafaɗa ta koma. To mai wayar nan bai ɗauki hoton saniya ba, bai ɗauki godiya ba, ihun da takalmin kawai ya ɗauka. Kafin la'asar duk Damagaram ta gani.

Ban ga laifin masu zagi ba, tsakani da Allah. An sha ganin masu kaki da nauyin hannu, in na ce ban sani ba na yi ƙarya. Amma nawa mijin, ko kazar gidanmu sai an kira maƙwabci ya yanka.

Aka dakatar da shi. Aka ce dosiyensa, wato takardunsa na retret, ba zai motsa ba sai an gama bincike, in laifi ya tabbata kuma kora ce. Ya ce ɗori ya yi, aka ce ina wanda aka ɗora? Mutum ya bi shanunsa daji. Ni Fanta, na bi bawan Allah nan daga bariki zuwa bariki har Bilma, ba gona, ba shago, kuɗin nan ne tuwon tsufanmu. Na ji tsoro ƙwarai.

Na sa ƙanena Hamisu, direba, ya riƙa cigiya a kasuwannin dabbobi. Bayan wata biyu ya samo shi a wajen Tirmini, Bafulatani ne, sunansa Tahiru. Sai dai Hamisu, uban gaggawa, abin da ya ce masa kawai: “Wanda ya gyara maka kafaɗa yana nemanka.” Bai gaya masa zancen hoton waya ba, bai gaya masa zancen kora ba.

Mu kuwa Barebari ne. Kowa ya san Bafulatani da Babarbare taubasai ne, tsokana ce gaisuwarsu, kuma ba a taɓa jin ɗaya ya yabi ɗaya a gaban mutane ba.

Aka shigo da Tahiru biro, wato ofishin mai bincike, Kapitan Abdulmumin, yana kaɗa sanda da hannun nan da ya warke. Ina zaune a benci ta baya. Kapitan ya nuna Ajidan ya ce, “Malam, ka san wannan?”

Tahiru ya dubi zanen fuskar mijina, ya washe baki. “Wannan? Ai bawana ne, ranka ya daɗe.”

“Shi ne ya taka ka a kasuwar Takieta?”

“Ya taka ni mana! Mugu ne, jikan mugaye. Kaɗan ya rage ya cire min hannu ya kai wa matarsa ta yi miya. Ku ɗaure shi, ni zan sayi igiya.”

Sakatare yana ta bugawa, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Innalillahi! Na ce, “Ranka ya daɗe, wasan taubashi ne fa!”

Kapitan ya ce, “Hajiya, ni ma ina da taubasai. Amma nan biro ne, abin da baki ya faɗa shi takarda ke ɗauka.”

Shi kuwa Tahiru ya gyara tsayuwa yana jiran ramuwa. Ya san dole Babarbare ya ce masa ɗan daji, mai kwana da maraƙi. Shiru. Ajidan ya sunkuyar da kai. Tahiru ya ƙara wani zagin, shiru dai. Murmushin ya gudu daga fuskarsa.

“Kai, Babarbare, lafiya? Na zage ka har sau biyu.”

Ni na gaya masa komai, da kuka da majina. Ya jingine sandarsa a bango, ya daɗe yana kallon ƙasa kamar wanda aka ce ya sayar da karsanarsa.

“Ranka ya daɗe, a goge na farko,” in ji shi. “Mutumin nan, Allah Ya gafarta min, mutumin kirki ne. Ina birgima a ƙasa jama'a na kallo, shi kaɗai ya durƙusa. Na ba shi tunkiya ya ƙi, ya ce a gidansu ba a sayar da ɗori.” Ya ɗaga hannun sama ya juya shi sau uku. Sannan ya rage murya. “Amma don girman Allah kada maganar nan ta fita daga ɗakin nan.”

Kapitan ya danne dariya, ya miƙa masa tawada ya dangwala yatsa.

Sai a lokacin Ajidan ya ɗago, idonsa jajir. “Ranka ya daɗe, ina roƙon kwafi ɗaya.”

Dosiye ya wuce, kuɗin retret suka fara shigowa bayan girbi. Ajidan ya kai kwafin nan wajen mai gilashi, ya rataye shi a zaure, sama da lambar yabon da gwamnati ta ba shi. Duk baƙon da ya shigo sai ya karanta masa, ya fassara, ya nuna yatsan.

Tahiru ya zo sau uku a kan a sauke takardar. Zuwan ƙarshe da rago ya zo, ya ce ’yan'uwansa sun hana shi sakat a ruga. Ajidan ya sa na dama masa fura, ya zaunar da shi daidai ƙarƙashin gilashin.

“Sha, bawana,” ya ce. “Ragonka ka koma da shi. Takardar nan ma ba ta sayarwa ba ce.”