Kiɗan da Raufu Ya Yanke

Tun ranar kasuwar da Laraba matar Ɗanasabe ta faɗi a ƙofar shagon Raufu mai gyaran rediyo, ba ta sake furta kalma ba, kuma hannunta na hagu ya naɗe a ƙirji ya ƙi miƙewa. Abin ya faru ne a Malumfashi cikin kakar 1984, ana tsakiyar cinikin auduga, da rana tsaka, a gaban jama'a. An kai ta asibiti, aka duba, ba a sami zazzaɓi ko rauni ba. Danginta, Maguzawan wani ƙauye a ƙasar Kafur, suka ɗauke ta suka koma gida. Su ba su yi shakkar abin da ya same ta ba, ba su kuma yi shakkar wanda ya jawo shi ba.

Raufu Oluwole haifaffen Malumfashi ne. Iyayensa daga Ogbomosho suka zo da fatauci tun kafin ya zo duniya. Uban ya rasu, uwar, Iya Abike, tana sayar da kwanuka a bakin kasuwa. Shi da Hausa yake mafarki. Gyaran rediyo da kwafar kaset ne sana'arsa, amma hankalinsa yana kan wani akwati da ya sayo a Kaduna hannun wasu makaɗan otal da ƙungiyarsu ta watse. Akwatin yana da haƙora fari da baƙi kamar piyano, da jerin maɓallan murɗawa, da ramukan soka waya. Ba shi da muryar kansa. Mutum ne zai gina sautin da hannu, ya ƙara masa kauri ko ya sirance shi, ya sa shi rawa, ya ja shi ƙasa har a riƙa jin sa a ciki maimakon kunne.

Raufu ba waƙa yake yi da shi ba. Yawo yake da rakoda yana ɗebo sauti: rurin injin gurzar auduga a Funtua, kukan kwaɗi a fadama, gudumar maƙera. In ya dawo sai ya zura su cikin akwatin ta waya, ya yi ta murɗawa har mai abin ba zai gane abinsa ba. Ba mai saye. Maƙwabta dai sukan ce Raufu ya fara yanka aljanunsa.

A kakar bara ya je ƙauyen su Ɗanasabe ya tarar ana wasan bori, Maikuɗi mai garaya yana kiɗa. Ya nemi izni ya ajiye rakoda. Kaset ya ƙare kiɗa bai ƙare ba, Raufu kuwa bai juya shi ba, domin abin da ya saura a ganinsa jan ƙafa ne kawai: kiɗan ya yi sanyi, yana tafiya a hankali, kamar makaɗin ya gaji. Daga baya, a shago, ya sa reza ya yanko inda kiɗan ya fi zafi, ya haɗa bakin zaren da ƙarshensa ya manne, ya zama zobe mai zagayawa ba iyaka. Ya bi da shi ta cikin akwatin, ya saukar da muryar garayar ƙasa, ya shimfiɗa mata wani gurnani a ƙarƙashi. Ya daɗe yana gyarawa. Ranar kasuwar nan ya ga ya nuna, ya fito da lasifika ƙofar shago.

Daura da shagon, a gindin dalbejiya, nan matan ƙauyen suke kasa daddawa. Laraba na cikinsu, tare da wata dattijuwa da kowa ke kira Tsohuwa, wadda ita ke yi wa matan ƙauyen girka, wato ta haɗa mace da iskarta su san juna.

"Ɗan Iya," in ji Tsohuwa da ta gan shi da waya, "yau kuma wane dodon za ka sako mana? Wancan makon sai da daddawata ta yi tsami."

"Daddawarki da tsaminta ta zo, Tsohuwa. Yau naku ne, na gida. Ki saurara ki ba ni tukwici."

"Tukwicin Bayarabe barkono."

Ya kunna. Masu wucewa suka yi dariya, wasu suka toshe kunne. Matan gindin dalbejiya ba su yi dariya ba. Duk da kaurin da aka yi masa, sun gane kiɗan Doguwa, iskar da ke kan Laraba. Raufu yana duban maɓallansa, bai ga lokacin da ta miƙe ba. Ƙarar faifan daddawa da ya kife ce ta sa ya ɗago. Tana tsakiyar hanya, ɗankwali ya zame, tana tahowa wajen lasifikar da wata irin tafiya ta jan ƙafa ɗaya. Zoben ya zagayo, ya sake zagayowa, kullum yana komawa daidai inda kiɗan ke kira. Ta yi tsalle ta faɗi zaune daɓas, ta tashi, ta sake.

Raufu ya yi abin da duk mai gyaran rediyo zai yi. Ya fizge waya.

"Kada ka kashe!" Ihun Tsohuwa ya zo a makare.

Shirun da ya biyo baya ya fi kiɗan muni. Laraba ta tsaya cak, baki buɗe, sannan ta sulale. Hannun hagu ya naɗe a hankali ana kallo.

Tsohuwa ta durƙusa ta riƙe kan Laraba, ta ɗago ta dubi Raufu. "Sallame ta. Maza, sa ƙarshen."

"Wane ƙarshe?"

"Ƙarshen kiɗan! Wanda ake saukar da ita da shi, ta yi atishawa ta tafi. Ka kira baƙuwa, sai ka raka ta."

Raufu ya dubi wayar da ke hannunsa. "Ba ni da shi. Kaset ne ya ƙare."

Ba wanda ya taɓa shi ranar. Da yamma Ɗanasabe ya zo daga asibiti, dogon mutum mai gatari a kafaɗa, ya tsaya a ƙofar shagon bai shigo ba.

"Kai ne mai akwatin?"

"Ni ne, Baba. Wallahi ban sani ba."

"Na yarda ba ka sani ba. 'Ya'yanta huɗu, ƙaramin yana nono. Su ma ba su sani ba." Ya gyara gatarin. "Ka nemo ƙarshen."

Washegari Raufu ya hau babur ya tafi neman Maikuɗi. A ƙauyen aka ce ya tashi. A wata unguwa ta hanyar Funtua aka nuna masa gona, ya same shi yana cirar auduga, da hula da carbi a wuya. Ya musulunta a azumin da ya wuce, sunansa yanzu Ummaru.

Ya saurari labarin hannunsa bai bar aiki ba. "Na tsinke tsarkiyar garayar, na fasa ƙoƙon," ya ce. "Na tuba, ɗan nan. Ba na komawa."

"Malam, sau ɗaya. A aro garaya."

"Ni na kira ta?"

"Kiɗanka ne."

"Nawa na bara na sallame shi tun bara, kowa ya tafi gida lafiya. Wannan naka ne. Ko na kaɗa ba za ta bi ni ba." Ya hango rakodar da ke rataye a kafaɗar Raufu. "Wannan ɓarauniyar kuma ka mayar da ita kan babur."

Raufu ya kai ta ya dawo ya tsuguna a kan kunyar gona, bai san abin da yake jira ba. Ummaru ya juya masa baya ya ci gaba da cira. Can, kamar mai magana da kansa, ya fara wani guna-guni ta hanci, mai sanyi, yana sauka mataki mataki, yana tsayawa inda ba a zata ba. Raufu ya gane shi. Shi ne jan ƙafar da ya raina. Ummaru ya kai ƙarshe, ya yi istigfari, ya tofar da yawu.

"Ban ce maka komai ba," ya ce, bai waiwayo ba.

Raufu ya hau babur yana maimaitawa a baki. Bai gaisa da kowa a hanya ba. Wata babbar motar auduga ta danna masa oda a kwana, kiɗan ya tsere daga kansa, ya tsaya a gefen titi har ya kamo bakin zaren. Daga nan ya kasa tabbatarwa ko wuri na uku hawa ake yi ko sauka. Ya isa shago ya rufe ƙofa, ya nemi kiɗan a haƙoran akwatin. Garaya tana da sautukan da ke faɗawa tsakanin haƙori da haƙori, sai da ya riƙa murɗa maɓalli da hagu yana dannawa da dama kafin ya same su.

Da ya ga ya iya, ya ɗaure akwatin da rakoda da lasifika da batirin mota a bayan babur, ya nufi ƙauyen da hantsi.

An fito da Laraba tsakar gida a kan tabarma, an jingina ta da rumbu. Ta rame. Idonta a buɗe yake amma ba ya bin komai. Kunu kawai take haɗiya, in an ɗura. Mazan gidan suka zauna a kan turame da duwatsu suka kewaye wurin, kowa da abin aikinsa a kusa kamar yadda ya dawo daga gona. Ba wanda ya amsa gaisuwar Raufu sai Tsohuwa.

"Ka samo?"

"Na samo."

"Daga farko za ka ɗauko, ka kai ta inda ka yar da ita, sannan ka sauko. Kome ka gani, kada hannunka ya tsaya."

Ya haɗa wayoyi. Akwatin yana da hali: in ya ji zafin rana muryarsa takan zame, sautin da aka daidaita ya koma wani. Ya roƙa aka kafa masa zana ta yi inuwa. Ya kunna zoben. Gurnanin ya cika gidan, kaji suka watse, jaririn Laraba ya tsala kuka a bayan wata mata. Yatsun ƙafar Laraba suka motsa. Kafaɗarta ta fara karkarwa.

Ya rage zoben a hankali, ya shigo da ƙarshen da hannunsa. Gumi yana shiga masa ido bai share ba. Ya ji sautin yana zamewa sama, ya bi shi da maɓalli ya dawo da shi. Ya zo wuri na uku. Ya sauka.

Laraba ta ɗago kai. Ta dubi lasifikar. Daga nan idonta ya bi wayar a ƙasa, sannu a hankali, har zuwa akwatin, ya hau kan yatsunsa, ya hau hannun rigarsa, ya tsaya a fuskarsa. Raufu ya san Laraba shekara da shekaru a gindin dalbejiya, mace mai kunya da ba ta haɗa ido da namiji. Wannan kallon ba ya ƙiftawa. Ya so ya sunkuyar da kai, ya kasa. Ya kai kiɗan ƙarshe, sautin ya sirance ya ɓace.

Gidan ya yi tsit ana jiran atishawa. Aka jira har inuwar zanar ta matsa. Ba ta zo ba, idon kuma bai bar fuskarsa ba.

"Na yi kuskure a wani wuri," in ji Raufu. "Bari in sake."

"Ba ka yi kuskure ba," in ji Tsohuwa. "Da ka yi, da ba ta dube ka ba. Ta ji kiɗan. Hannun ne ba ta sani ba. Maikuɗi tun yana yaro aka gabatar da shi, ya sha abin da ake sha, ya kwana inda ake kwana. Kai wa ya gabatar da kai?"

"To me za a yi?"

"A yi maka girka. Ka shiga ɗaki, a yanka baƙar akuya, ta san ka. Sannan ka sallame ta ta tafi."

"Tsohuwa, ni musulmi ne."

"Ranar da ka kira ta ba ta tambaye ka ba."

Raufu ya dubi Ɗanasabe. Mutumin ya tashi, ya zare wayar batirin da kansa, ya ɗauki akwatin kamar mai ɗaukar ɗan maraƙi, ya shiga da shi ɗakinsa ya fito ya ja ƙyaure.

"Ba ƙwace na yi ba," ya ce. "Yana nan yana jiranka. Ka je ka yi shawara da na gaba da kai. Amma ka dube ta da kyau kafin ka tafi, ka ga ko mai daɗewa ce."

Raufu ya tura babur har bayan gari kafin ya iya tayar da shi.

Iya Abike ta ji bayanin tana tsaye a cikin kwanukanta. Ta ce ɗanta ba zai shiga ɗakin kowa ba, ubansa a kan sallah ya mutu. Ta ce su tattara su tafi Ogbomosho, garin da Raufu bai taɓa kwana wata guda a cikinsa ba. Limamin unguwa ya ce haramun ne, ya ba da rubutu a kai wa matar. An kai, Ɗanasabe ya karɓa da hannu biyu, aka ɗura mata, ba abin da ya canja.

Shagon yana rufe tun daga lokacin. Iya Abike ta sayar da rabin kwanukanta, ta yi magana da direban motar kudu a Funtua. Matan da suka zo da daddawa kasuwar da ta wuce sun ce Laraba ta fara mayar da kunun, an kuma ba wata mata jaririn tana shayarwa. Sun ce Tsohuwa ta aiko a tambayi Raufu ranar da zai zo. Ya karɓi saƙon a ƙofar gida, ya ce ya ji. Bai faɗi rana ba, bai kuma ce ba zai zo ba.