Cinyar da Ƙyalle Bai Ci Ba

Shekarar da fari ya kai mu ga cin anza, ɗan itacen dajin nan mai ɗaci, mu shida ne a gidanmu na Droum, mai ciyar da mu kuwa ƙafa huɗu gare shi. Ƙyalle ke nan, karen farautar maigidana, Malam Nomau. Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, awaki sun ƙare, amma duk bayan kwana biyu sai karen nan ya kamo zomo ko gafiya, maigida ya yi maza ya yanka, yara su sami romo.

Abin da ke ba ni haushi shi ne tsirfar Malam. Ba a ba Ƙyalle dafaffen ƙashi, wai yana tsagewa ya soki hanji. Ba a ba shi abu mai yaji ko albasa. Ladansa busasshiyar hantar zomo ce da Malam ke ɓoyewa a aljihu. Tun yana kwikwiyo kuma ya hore shi: kome yunwa, ba ya taɓa abinci sai ubangidansa ya ce "ɗauka". Ni kuwa kullum gori nake yi, mutane na tauna ganye, kare na zaɓen ci kamar ɗan sarki.

Wata safiya na tafi tsinkar anza, sai na tarar da saniya ta faɗi a gindin gawo, ko kumbura ba ta yi ba. Mu mushe ya haramta gare mu, amma kare ina ruwansa? Na tuna haƙarƙarin Ƙyalle da suka fito, tausayi ya kama ni. Na sa wuƙa na yanko cinya, na kai gida na ajiye masa a bayan rumbu, sannan na nufi bakin rijiya inda Malam ke taya yasa, don in yi masa burga.

"Malam, yau ɗan gatanka zai ci abin da aljihunka bai taɓa ba shi ba," na ce, na kwashe labari na faɗa masa.

Ya saki igiya. "Ungulu na wurin?"

"Suna nan kwance kusa da ita. Sun ƙoshi har ba sa motsi."

"Kulu, ungulu ba ta kwanciya don ƙoshi. Makiyaya ne suka sa wa mushen guba saboda diloli."

Ban taɓa ganin tsohon nan yana gudu ba sai ran nan. Na bi shi, zane a hannu. Ba karen kaɗai nake gani ba, tukunyata nake gani babu kome, kuma ni na jawo da hannuna.

Muka tarar da Ƙyalle kwance a bayan rumbu, haɓa a ƙasa, ba ya motsi. Malam ya kira sunansa a hankali, sai wutsiya ta bugi ƙasa. Ga cinya nan yadda na ajiye ta, ko haƙori bai taɓa ta ba. Hancinsa bai fi taƙi ɗaya da ita ba, miyau ya jiƙa ƙasar da ke gabansa. Jira yake a ce masa ya ɗauka.

Na zauna a ƙasa daɓas ina hamdala, ina kuka ina dariya. Malam ya janye karen, ya ƙone cinyar ya binne ta da zurfi, ni kuma na wanke hannu da wuƙa da toka har sau uku. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai ya zaro hanta daga aljihu ya miƙo mini.

"Ungo, ba shi ladansa."

Na miƙa wa Ƙyalle, na ce ya ɗauka. Ya dubi hantar, ya dube ni, ya kau da kai wajen ubangidansa. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa raina ni na ji daɗi haka ba.