Kwalayen Zorka

Wata tara ke nan Zorka na koyon Sinanci, tun da Sinawa suka cika mahaƙar tagulla ta garin Bor suka riƙa shigowa kantin maganin da take aiki. Ita ba ta yarda da karatun waya ba. Tsofaffin kwalayen magani take yankawa, ta zana harafi da baƙin alƙalami mai kauri a kan fuskar kwalin, ma'anar kuma a baya inda yake fari. Gwangwani uku ta ware: na bitar kullum, na mako, na wata. Katin da ta ci sau biyar a jere sai ya ƙara gaba. Har kati ɗari shida sun kai gwangwanin wata, kuma duk unguwar babu wanda bai ji wannan labari ba.

Ranar Alhamis da hantsi wani Basine ya shigo, ya dafa kai alamar ciwo, ya zana harufa biyu a takarda. Zorka ta zuba musu ido. Ta san su, wallahi ta san su, kamar fuskar maƙwabcin da sunansa ya kwanta maka. Mutumin ya ciro waya zai fassara, ta ɗaga masa hannu. Ita da kati ɗari shida? Ta ce masa ta gane, ta miƙa masa maganin ciwon kai mai ƙarfi.

Amma abin ya tsaya mata a rai. Da ta koma gida cin abincin rana, ta ture kwanon miyar wake ta zazzage gwangwanin wata a tebur.

"Malama, yau kuma jarrabawa muke ci?" in ji mijinta Milutin, tsohon direban bas.

"Ci wakenka, tsoho. Ni so nake in san yadda aka yi abin da na haddace ya ƙi ni."

Milutin ya lashe cokali, ya ɗauki kati ɗaya, ya rufe harafin ruf da tafin hannu, gefen kwalin kawai ya bari.

"Wannan fa?"

"Ƙofa," ta ce, ko tunani ba ta yi ba.

Ya juya. Ƙofa ce. Ya ɗauko wani mai ratsin ja. Ruwan sama. Wani shuɗi mai ɓantaren kusurwa. Kaka. Goma ya gwada, goma ta ci, ba ta ga harafi ko ɗaya ba.

"Ikon Allah!" Milutin ya tuntsire da dariya. "Zorka, ashe wata tara kwali kike haddacewa!"

Ita ma ta so ta yi dariyar, don abin ya ba ta mamaki fiye da haushi. Ta ajiye takardar mutumin a tsakiya, suka shiga gwada ta da katunan ɗaya bayan ɗaya. Can Milutin ya ce ya samu, ya ɗago wani koren kwalin maganin tari.

"Juna biyu," ta faɗa da sauri, tana jin daɗin ta ci.

Sai ta zabura. Ashe maganin ba na Basinen ba ne, na matarsa ne, kuma irin wanda Zorka ke hana masu ciki sha kullum.

"Tashi! Ɗauko mota!"

A dogon benen bayan tasha Sinawan ke zama. Ta bi ƙofofi tana nuna katin, tana haki. A hawa na uku wata mata ta buɗe, cikinta ya fito sosai. Ga kwalin maganin a kan tebur, ga kofin ruwa, ga shinkafar da take ci kafin ta sha. Zorka ta wuce ba sallama, ta fizge kwalin ta ƙirga ƙwayoyin. Goma cif, ba ta sha ko ɗaya ba.

Mijin ya fito daga ɗaki, ya gane ta, fuskarsa ta washe. Ya nuna wa matarsa ita, sannan ya harhaɗa ɗan guntun yaren garin da ya iya.

"Matata ta ce mu je likita. Na ce a'a. Na ce ke kin iya karatunmu."